Sista da Sababbin Tayoyinta

Yayata ce, ita nake bi. A gida Yaya muke ce mata, amma a unguwa da kasuwa da duk gidan da aka taɓa haihuwa, Sista ake kiranta, domin ta yi aikin ungozoma a asibitin mishan tun tana budurwa har kanta ya yi fari. Ni kuwa har yau Auta take ce mini, ko da yake na koyar da lissafi har na yi ritaya, kuma ina da jikokin da suka fi ni tsawo.

Makarantar mishan ɗaya muka yi, inda ake duba farce da wuyan riga kowace safiya, inda in layi ɗaya ya karkace sai ka sake shafin gaba ɗaya. Ni tsoron kuskure na ɗauko daga can. Ita kuma ta fito da wata ɗabi'a: ba ta yarda da abu sai ta duba da idonta, in kuma ta duba ta tabbatar, to sai dai ka gaji ka tafi.

Yadda ta koyi tuƙi ba abin dariya ba ne. Asibitin mota ɗaya gare shi da direba ɗaya, wani dattijo mai gajeren gemu da kowa ke kira Baba Direba. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ga saƙo daga ƙauye cewa naƙuda ta yi wa wata mata tsanani. Ga mota a tsaye, ga makulli a rataye, babu mai iya ja. Yaya ta tafi a kan keke. Kafin ta isa jaririn ya riga ya koma. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta jira Baba Direba ya fara shan kunu da hannunsa, sannan ta je ta tsaya a kansa.

"Baba, ka koya mini mota."

"Mace da sitiyari?" in ji shi. "Me za a ce?"

"Me aka ce da na dawo da hannu wofi?"

Ya koya mata. Amma kafin ya bar ta ta taɓa sitiyari, sai da ta kwance taya ta ɗaura, ta sake kwancewa ta sake ɗaurawa, har tafin hannunta ya yi kanta. Ya ce injin yana iya mutuwa ka sauka ka tura, amma taya ita ce kaɗai ke tsakaninka da ƙasa. Shi ne ya ba ta dokar ashana. Kowace safiya a zagaya mota, a ɗauki tsinken ashana a cusa kansa a cikin ramin zanen taya. In kan ashanan ya nutse, taya na da sauran rai. In ya leƙo waje, ta suɗe, a sake ta. Yaya ta riƙe wannan doka kamar yadda ta riƙe wanke hannu kafin ta taɓa mai naƙuda. Duk 'ya'yanta sun tashi suna ganinta a durƙushe gefen mota da kwalin ashana.

Da ta bar aiki ta sayi wata 'yar farar mota mai dogon baya. Mijinta ya rasu, yara suka watse gidajensu, motar ta zama ƙafarta. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa dubiya da gaisuwa, da ita take kai 'yan matan unguwa awon ciki in mazajensu sun yi nauyin jiki. Ni ban taɓa koyon tuƙi ba, saboda haka kujerar gefenta tawa ce. Tafiyar ba ta da nisa. Mota takan yi kwana da kwanaki a tsakar gida tana shan rana ba ta motsa ba.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Muna kan hanyar zuwa duba wata tsohuwar abokiyar aikinta da ke kwance a wani asibiti a bakin gari, kwalta ta ɗauki zafi har tana ƙyalli. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga a bayan kunnenmu, bayan motar ya fara rawa. Na dubi Yaya. Ba ta danna birki da ƙarfi ba, ta ɗaga ƙafa daga totur, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta bar motar ta rage gudu da kanta. Muka sauka daga kwalta a hankali, hancin motar ya je ya tokari teburin wani mai sayar da lemo. Tebur ya kife, lemo ya bazu a titi. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Ta fara tambayar mai lemo lafiyarsa, sannan ta juyo kaina.

"Auta, saki kujerar nan, ba inda za ta."

Kafin mu fito jama'a sun taru, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani mai babbar murya ya ce, "Kai, tsohuwa ce! Wa ya ba ta mota?"

"Ba wanda ya ba ni, saya na yi," in ji Yaya. "Kai da ƙarfinka ke zuba a banza, ajiye wayar ka zo ka ɗaga mini jak."

Ya kuwa ajiye. Aka ɗaura safaya, ta sallami mai lemo, muka koma gida kamar masu rakiyar hawainiya.

Hoton ya riga mu isa wurin ɗanta na fari, wanda muke kira Manaja saboda aikinsa a wani kamfani. Dole in yi masa adalci: yaro ne mai son uwarsa, kuma abin da ya gani a waya zai tsorata kowane ɗa. Washegari da hantsi ya iso. Bai zauna ba sai da ya buɗe bayan motar, ya fito da fasasshiyar tayar, ya jingine ta da bango ya daɗe yana kallo. Sannan ya shigo falo.

"Mama, duniya ta gan ki."

"Duniya ta daɗe tana ganina. Ka ci abinci?"

"Ba wasa nake yi ba. Da mutum ne a gaban teburin nan fa?"

"Da mutum ne da na kauce masa. Taya ce ta fashe, ba ni na fashe ba."

Ya shiga kicin ya ɗauko ashana, ya ce mu fito. A gabanmu ya durƙusa ya cusa tsinken a zanen tayar. Kan ashanan ya nutse ɗungurungum, har da saura.

"Ke kika koya mana wannan," in ji shi, muryarsa a ƙasa. "Ga shi. Taya mai zane haka ba ta fashewa don ra'ayin kanta. Wani abu kika taka, ko kika gogi bakin kwalbati, ba ki gani ba. Idonki ne, Mama. Ba laifi ba ne, shekaru ne."

Na ce masa ni ina cikin motar, kuma ban ga ta taka komai ba.

"Kawu, kai da kake yawo da tabarau biyu a aljihu?"

Wannan ma gaskiya ne, sai na yi shiru. Abin da ya ba ni tsoro shi ne Yaya ma ta yi shiru. Tun muna yara ban taɓa ganin an ƙure ta da magana ba. Amma yau da dokarta aka kama ta, dokar da ta yi shekara da shekaru tana durƙusa mata. Manaja ya miƙa hannu ya zare makullin motar daga ƙusar da yake rataye, ya sa a aljihu.

"Zan riƙa aiko miki da direba duk inda za ki. Ki huta haka nan."

Direban ya zo sau biyu, ta ba shi ruwa ya sha ta sallame shi. Ba ta je kasuwa ba, ba ta je dubiya ba. Da na leƙa ta bayan 'yan kwanaki, na same ta tsaye a ƙarshen falo ta rufe ido ɗaya da tafin hannu tana ƙoƙarin karanta ƙananan rubutun kalandar da ke bango. Da ta gan ni ta sauke hannun da sauri kamar wadda aka kama tana satar nama.

"Auta, ka tabbata ban taka komai ba?"

Tambayar ta fi fashewar tayar girgiza ni. Na ce iyakar sanina ke nan. Ta ce iyakar sanina ba ta ishe ta ba. Sannan ta ce in gangaro mata da tayar tsakar gida, in kawo baho da sabulu da buroshi.

A aikinsu akwai abin da ba a tsallakewa. Bayan an haihu, ungozoma ba ta tashi sai ta shimfiɗa mabiyiya a faranti ta duba ta gaba da baya, gefe da gefe, domin in wani ɗan yanki ya maƙale a cikin mai jego, jini na iya tafiya da ita alhali kowa na murna. Na sha jin Yaya tana faɗa wa ɗalibanta cewa kukan jariri ba shi ne ƙarshen aiki ba. Haka ta yi wa tayar nan. Ta ɗaura zane a ƙugu, ta zauna a kujerar tsuguno, ta wanke ta tas har baƙinta ya fito. Ta fara da ƙarfen. Ta bi bakinsa da yatsa daga farko har ta dawo inda ta fara, babu lanƙwasa, babu gurza irin ta dukan kwalbati. Ta bi saman zanen, babu ƙusa, babu yanka. Sannan ta kwantar da tayar ta koma kan kuiɓinta, inda ta yage. Bakin yagewar ba irin na sara ba ne, marmashi yake yi a hannu kamar busasshen burodi. Ta danna babban yatsa a kusa da wurin.

"Zo ka gani. Sa tabaran karatun, ba na tafiya ba."

Na sunkuya. Inda ta danna, robar ta buɗe da ƙananan tsaga birjik, sak faso a dugadugin mai yawo ba takalmi. Ƙura ce ta cike su ta ɓoye su. Ta juya ɗaya kuiɓin, wanda ke kallon ƙarƙashin mota, nan ma sun fi yawa. Ta ja tabarma zuwa gindin motar, ta durƙusa da ƙyar, ta wanke sauran tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana dannawa. Duka haka suke, har da safayar da ta dawo da mu gida.

Da na ɗaga ta ta miƙe, fuskarta ta dawo irin wadda na sani.

"Nemo mana tasi. Za mu wurin mai faci, da tayar."

Rumfar mai faci tana kan mararraba, ƙarƙashin wata bishiya, da injin iska mai tari da rabin duro na baƙin ruwa inda yake neman huji. Magidanci ne mai furfura a gemu, amma a hannun Yaya aka haife shi, kuma ba ta bari ya manta. Da ya hango mu muna sauke taya sai ya fara goge hannu da tsumma, yana kallon ko'ina ban da ita.

"Sannu da zuwa, Sista. Ai na ji abin da ya faru. Gaskiya motar nan fa ta gaji. Ko an sa mata taya, ƙafafunta sun saki, kayan gyaranta ma yanzu ba a samu..."

"Dube ni."

Ya dube ta.

"Kai da ka nufo duniya da ƙafa, na juyo ka da hannun nan uwarka na ihu, yau ni za ka karanta wa wasiƙar wani? Bakin naka ne, amma muryar ta Manaja ce."

Ya fashe da dariya har ya dafa duro. "Wallahi na gaya masa ba zan iya ba. Na ce masa matar nan ta san ni tun ban sa wando ba."

"Har yanzu ma ba ka iya ɗaure shi ba. Duba mini wannan, ka gaya mini abin da ya kashe ta."

Ya tsuguna, ya danna kamar yadda ta danna, ya girgiza kai. Sannan ya juya tayar yana bin rubutun da ke kuiɓinta da yatsa har ya tsaya a kan wasu lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye. Ya ce wannan ita ce ranar haihuwar taya: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Ya ce in karanta, tunda ni ne malamin lissafi. Na karanta, na ɗebe daga shekarar da muke ciki. Tayar ta haura shekara goma da 'yan kai.

"Sista, roba tsufa take yi, ko ana hawanta ko ba a hawa," in ji shi. "Rana na cinta, zama ma na cinta. In ta wuce shekara biyar ko shida sai a fara sa mata ido, in ta kai goma kuwa ko zanenta ya kai rijiya zurfi, a sauke ta. Ke kuma tun da kika bar aiki, daga gida sai kasuwa. Zanen bai samu hanyar da za ta cinye shi ba, sai ya zauna yana yi miki murmushi, ciki ya mutu."

Yaya ta daɗe tana kallon lambobin.

"Baba Direba bai gaya mini wannan ba."

A nan na sa baki, domin ba na son a ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ba. Na ce a zamaninsa motar asibiti kullum tana kan hanyar ƙauye, tsakuwa da rami kan cinye taya tun ba ta yi wayo ba. Bai taɓa ganin taya ta tsufa da zanenta ba, yaya zai koyar da abin da bai gani ba?

"To," in ji Yaya. "Ashana ta faɗi gaskiya, amma rabi ta faɗa. Kuskurena ne da na tsaya a rabin. Amma kuskuren durƙuso ne, ba na tuƙi ba. A bambanta."

A nan rumfar ta kira Manaja a waya, ta buɗe murya don mu ji. Ta zayyana masa komai dalla-dalla kamar mai miƙa rahoton mara lafiya. Ya saurara, ya yi 'yan tambayoyi, na ji alamar ya yarda. Amma yarda da taya daban, mayar da makulli daban.

"To shi ke nan, Mama. A nema mata gwanjo guda biyu masu ɗan kyau a sa, ta ɗan lallaɓa. In ya so direba ya riƙa ja."

"Ta lallaɓa zuwa yaushe?"

Ta matso da wayar bakinta.

"Faɗi mana, ina jinka. Ka auna ni ka auna sabuwar taya, ka ga za ta fi ni kwana, ko? Kada a yi asara."

"Haba Mama! Wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka yi ce, na dai ƙarasa maka." Ta kashe wayar ta jefa a jaka. "Rufe rumfarka," ta ce wa mai faci. "Ka raka mu shagon taya."

Kafin mu tafi ya nuna mini wani jerin lambobi a kuiɓin tsohuwar tayar, ya ce su ne girmanta: faɗinta, da tsayin kuiɓinta, da girman ƙarfen da take hawa, sai na ƙarshe nauyin da za ta iya ɗauka da gudun da za ta jure. Ya ce dole sabuwar ta zo daidai da abin da masu ƙera motar suka rubuta a jikin ƙofar direba, ba abin da ya yi wa ido kyau ba. Na haddace su kamar jadawalin sau.

Shagon dogo ne mai duhu, tayoyi a jibge har rufi, warin roba na hawa kai. Mai shagon ya dubi Yaya, ya dubi sandata, ya nufi tulin gwanjo kai tsaye. Ya gangaro da wata mai zurfin zane da ƙananan tsaga-tsaga kamar an yi mata kitso.

"Mama, ga wadda ta dace da ke. Daga waje ta zo, ko tsakuwa ba ta taɓa takawa ba. Taɓa ki ji laushi."

Mai faci ya matso kusa da kunnenta ya ce wannan ta ƙasashen ƙanƙara ce, an yi robarta da laushi don sanyi, a kwaltarmu mai zafi narkewa za ta riƙa yi. Yaya ta sunkuya ta nemi ɗan zagayen da kanta, ta karanta.

"Wannan ai sa'ar wadda na baro ce. Na rabu da tsohuwa in ɗauko ƙawarta? Sabuwa nake so."

"Sabuwa?" Ya yi 'yar dariya. "To guda biyu sun ishe ki. Mai shekarunki ina za ta?"

"Inda na ga dama. Biyar za ka kawo, iri ɗaya, har da safaya."

Jin haka jikinsa ya yi rawa. Ya fara kawo wata mai faɗi, ya ce ta fi cika ido. Na karanta masa lambobin da na haddace, ya mayar da ita. Ya kawo wasu a naɗe cikin leda mai ƙyalli, ya ce ko iska ba ta taɓa su ba. Yaya ta ce ya yage ledar. Ya ce in ya yage wa zai saya? Ta ce in bai yage ba ita ma ba za ta saya ba. Ya yage. Ta karanta. Sun yi shekaru a shago.

"Leda sabuwa, taya tsohuwa. Ɗana, ba ka da 'yan bana?"

Yana da su, a can ƙurya. Ya fito da su yana gumi yana gunaguni cewa shi bai taɓa ganin mai sayen taya da ke tambayar ranar haihuwa ba. Ta ce aikinta ke nan tun ba a haife shi ba. Ta sa aka jera su biyar a bakin ƙofa inda haske yake, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta girma, ta karanta shekara, ta shafa kuiɓi ciki da waje ko akwai kumburi. Guda ɗaya ta ƙi, don an danne ta a ƙasan tuli har bakinta ya ɗan karkace, aka sake mata. Ta biya daga fanshonta, ba ta nemi ko sisin kowa ba.

Tunda babu makulli, motar ba za ta je wurin mai faci ba, sai shi ya zo wurinta. Ya ɗaga ta ya ɗora a kan bulo, ya kwashe ƙafafun ya tafi da su. Maƙwabta suka yi ta leƙe, wata har ta shigo yi wa Yaya jaje, ta ɗauka masu sayen tsohon ƙarfe ne suka fara ɗiba. Washegari ya dawo da su a ɗaure, ya sake bakin shan iska na kowace, ya kai an daidaita nauyinsu don kada sitiyari ya yi rawa. Da aka sauke motar daga bulo sai ta tsaya a tsakar gida da baƙaƙen ƙafafu masu ƙananan gashin roba, kamar tsohuwa da sabon takalmi. Sai dai ba ta da inda za ta.

Ran Asabar Manaja ya zo. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon motar, ya zagaya ta, ya shigo falo ya tarar da tsohuwar tayar a kwance a kan kafet, wankakkiya, a tsakiyar kujeru.

"Mama, taya a falo?"

"Baƙuwarka ce. Durƙusa ka danna nan."

Ya ɗage wandonsa ya durƙusa ya danna. Ya ga tsagar, ya karanta lambobin. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Na yarda ba ki taka komai ba. Na yi miki kuskure a nan, ki yafe ni. Amma Mama, idon fa? Shekarun fa? Waɗannan ba a sayar da sababbinsu a shago."

"Zauna. Shekaranjiya na je wurin likitan ido, da ƙafata, ba wanda ya aike ni. Ya ce yanar ido ta fara taruwa a na hagu. Ya sake mini tabarau, ya ce da rana ina gani sarai, amma in bar tuƙi in rana ta faɗi, kuma in riƙa komawa yana dubawa."

Manaja ya buɗe hannuwa. "To kin ji!"

"Na ji tun kafin ya faɗa. Yaushe rabon da ka gan ni a mota bayan faɗuwar rana? Yaushe rabon da in hau babbar hanya? Na daina da kaina tun tuni, ba ka lura ba, don ba a ɗauka a waya ba. Ranar da na duba na ga sauran ma ya gagare ni, ni zan kira ka in miƙa maka makullin nan da hannuna. Amma ba za a zare shi daga ƙusa ina zaune kamar kayan ɗaki ba."

"In kuma ba ki gane ranar ta zo ba fa?"

Tambaya ce mai kyau, ita ma ta san haka.

"Shi ya sa za ka shiga yanzu in ja ka. Ka zuba ido. In na yi abin da ya tsorata ka da gaske, ba tsoron da ka zo da shi daga gida ba, ka riƙe makullin. Kuma duk sanda ka zo ka sake gwada ni, ban hana ka ba. Kawunka shaida ne."

Ya dube ni. Na ce ai na sa tabaran tafiya.

Ya fito da makullin a hankali kamar mai cire haƙori. Aka kore ni zuwa kujerar baya, shi ya zauna a wurina ya ɗaura bel har wuya. Yaya ta gyara madubi, ta tayar, muka fita. Ta bi ta kasuwa da gangan, inda masu baro da masu babur ke shiga gaban mota ba sallama. Ina kallon ƙafar Manaja tana danna birkin da babu shi a gefensa. A mararraba motar ta mutu mata sau ɗaya, na baya suka cika mu da oda.

"Wannan kuloci ne, ba ni ba," in ji ta, ta sake tayarwa. "Shi ma zan kai a duba shi."

Mai faci ya fito daga rumfarsa yana ɗaga mana tsumma. Ta tsaya ta gaya masa gobe za ta kawo motar a saita ƙafafun gaba. Gobe, ta ce, Manaja na zaune yana ji, bai hana ba. Ta zagaya da mu ta gaban makaranta, ta tsaya cak wata mai ciki ta tsallaka, ta leƙa ta taga ta yi mata faɗan ɗaukar kaya mai nauyi a ka. Daga nan ta juyo gida, ta yi kwanar lungunmu mai ƙunci ba tare da ta shafi ko ganye ba, ta tsaya a ƙofar gida.

Injin na aiki, hannunta na kan sitiyari. Manaja ya dubi makullin da ke jikin motar, ya dubi uwarsa.

"Me kake jira?" in ji Yaya. "Sauka ka buɗe mini ƙyaure in shiga da motata."

Ya kwance bel, ya sauka, ya je ya buɗe duka ɓangarorin biyu.